Mu Da Inuwar Da Ba Mu Dasa Ba

Mu nan Arikya, in dai zancen sanin inuwa ne, ba a gaya mana. Tambayi yaro ɗan shekara bakwai, zai nuna maka mangwaron da inuwarsa ke faɗowa kan hanya da hantsi, da wanda sai bayan azahar, da wanda ba a zama gindinsa saboda cinnaku. Ɗan acaɓa ya san tasa, mai faci ya san tasa, masu dara kuwa gadon tasu suka yi. Da watan Maris ya kama, kwanon rufi ya fara ƙara saboda zafi, sai gari ya kwashe kaf ya tare a gindin 'yan itatuwan da suka rage, kowa na fifita da abin da hannunsa ya samu. To ka tsaya cikin taron nan ka ce, "Jama'a, wai wa ya dasa wannan?" Sai ka ji tsit. Can wani zai ce kakan su wane ne. Wani ya ce a'a, wani malamin firamare ne da aka taɓa kawowa daga nesa. Wani ya ce ai da kanta ta fito, ƙwallon da yara suka sha suka yar ne. Ko ma wane ne, ya daɗe da komawa ga Ubangijinsa, kuma cikinmu da ke miƙe da ƙafa a wurin babu wanda zai ce ga tasa.

Kada wani ya ɗauka ba mu son kyan gari. Bari ɗayanmu ya je Abuja ya kwana biyu ya dawo, ranar ba mai shan iska. "Wallahi a Maitama sai ka yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa ka ba." "Ka ga Asokoro kuwa? Fulawa har bakin kwalta." Tsofaffin direbobinmu su kuma Maiduguri suke yabo, titi bayan titi darbejiya ta rufe. Ko Lafiya ma, tun da ta zama babban birnin jiharmu ta Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996, in aka gyara shataletale aka zuba masa fulawa, mu ne na farkon tsayawa ɗaukar hoto. Idonmu ya san abu mai kyau. Sai dai abin da muke ɗaukowa daga tafiye-tafiyen nan ba bishiya ba ne, intalok ne.

Ga yadda abin ke tafiya. Allah ya buɗa wa mutum, riɗi ya yi kuɗi ko doya ta yi albarka, ya sayi fili zai yi gini. Kafin tifar yashi ta iso, mai injin yanka ya riga ya zo. Duk abin da ke tsaye a filin sai ya kwanta, ko da ɗorawa ce da ta girmi mahaifin mai filin. Hujjoji kuwa ba a rasa su. Saiwa na fasa tushen gini. Ganye na wahalar da mai shara. Jemagu za su hana barci. Maciji na son sanyi. In tsamiya ce ko kuka, ba a ma tsayawa dogon bayani, sai a rage murya a ce, "Ka san mutanen ɓoye." Ni dai ban taɓa jin aljanin da ya hana mai injin cika aikinsa ba, amma wannan zance ne na malamai. Ana gama gini a zagaye shi da katangar bulo, a shimfiɗe tsakar gida da intalok ko siminti daga bango zuwa bango, ko ciyawa ba za ta samu wurin leƙowa ba. Sannan, don a san mai gidan ya waye, a sayo bishiyar nan siririya 'yar asalin Indiya, wadda ke tsaye kamar lema a naɗe, a kafa biyu a bakin get, ɗaya dama ɗaya hagu.

Ita wannan bishiya ba ta da laifi, haka Allah ya yi ta. Koriya ce shar rani da damina, ba ta zubar da shara mai yawa, kuma a hoto ba ta da na biyu. Amma ko kaza ba ta fakewa a gindinta. Giginya da ake wa gori, ana cewa inuwarta na nesa ka sha, ita aƙalla na nesan ya sha, ga muruci, ga kuma azara. Wannan kuwa ba na kusa ba na nesa. Da azahar ta yi, simintin tsakar gida ya ɗau wuta, sai ka hango mai sabon gida ɗauke da kujerar roba yana nufo mangwaron maƙwabcinsa, wanda shekaran jiya yake wa dariya wai gidansa ya yi kama da daji.

"Sannu da fitowa, Alhaji. Ina inuwar gidan naka?"

"Kai dai matsa mini. Ai tawa ta zamani ce, kallo ake yi."

Gwamnati kuwa tana da nata salon, kuma mu ne 'yan rakiya. Duk shekara akwai ranar dashen itatuwa. Za a kafa rumfa, a jera kujeru, a kwaso 'yan makaranta su tsaya a rana domin a yi musu jawabi kan amfanin inuwa. Babban baƙo zai tattare babbar riga, a miƙa masa sabon shebur da bai taɓa ganin ƙasa ba, ramin ma tun jiya leburori suka haƙa. Ya zuba ƙasa sau biyu, ya tsiyaya ruwa, a tafa, hoto ya hau Facebook kafin motoci su bar wurin. Daga nan a raba mana irin dashe cikin baƙar leda. Mu kuma, tun da kyauta ce, mai buƙatar ɗaya sai ya karɓi biyar. Biyu su karye a kan babur, biyu su bushe a zaure cikin ledarsu, ɗaya a tura yaro ya binne ta wani wuri.

Wadda aka binne ɗin ma ba ta tsira ba tukuna, don lissafin lokacinmu a karkace yake. A ƙasarmu ruwa na sauka wajen Afrilu, ya ɗauke wajen ƙarshen Oktoba. Dashen da aka sa a ƙasa a Mayu ko farkon Yuni yana da wata biyar na ruwan Allah, saiwarsa ta nutsa kafin rani. Amma bikin dashe sau da yawa sai Agusta, wani lokaci har Satumba, bayan takardu sun gama yawo ofis-ofis kuɗi sun fito. Ɗan itacen da ya sha ruwan wata biyu kacal, shi ne zai tari hunturu da ƙurarsa. Kuma daidai wannan lokaci ne ake kwance awaki daga turke, don an kawar da amfanin gona. Duk damina akuya na ɗaure tana kallon kore daga nesa, ranar da aka sake ta ciyawa ta fara bushewa, abin da ya rage ɗanye a gari shi ne dashen gwamnati. Wa zai ga laifinta? Abin da akuya ta rage, gara ta bi ta ƙasa ta gama da shi. Wanda ke bayan gari kuma yana jiran samarin da za su cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya.

Shi ya sa in na ji lissafin miliyoyi a rediyo nake gyara zama kawai. A Satumban 2019 marigayi Shugaba Buhari ya yi alkawari a taron Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Najeriya za ta dasa itatuwa miliyan 25. A 2019 ɗin ne dai jihar Gombe ta ƙaddamar da nata shirin na mayar da jihar kore, Habasha kuma ta ce ta dasa sama da miliyan 350 a yini guda. Madalla, niyya ce mai kyau. Amma ƙidayar ranar dashe kowa ma ya iya. Ƙidayar da nake so in ji ita ce ta watan Afrilu mai zuwa, a zagaya da littafi a ga nawa ne ke da ganye.

Akwai wani abin da ke sa mu sakin jiki. In ana zancen hamada, sai mu ce wannan matsalar 'yan can sama ce. Gaskiya ne babbar katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, a Najeriya jihohi 11 ta shafa, irin su Sakkwato da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno, babu Nasarawa a ciki. Mu muna da ruwan sama, muna da rafuka, in ka jefar da ƙwallon mangwaro a juji sai ya tsiro. Sai dai karin maganar nan da duk ƙasar Hausa ke yi, a jiharmu aka haife ta: abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kuma mu ba yashi ne ke cin mu ba, gatari ne. Duk mai bin hanyar Lafiya zuwa Akwanga ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran motocin Abuja. Mai gawayi kuma ba ya son itacen banza, ƙirya yake nema da kaɗanya, masu nauyi, masu daɗewa a wuta. Kaɗanyar da ke shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, a yini ɗaya ake kayar da ita. Madobiya ma ta sha nata, lokacin da 'yan katako suka yi ta lodinta zuwa Sin har hukumomin duniya suka dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018.

A ƙarshen 2021 gwamnatin jiha ta ce ta haramta sayarwa da amfani da gawayi. Ranar da labarin ya iso majalisarmu, kowa ya yaba. "Ai tuni ya kamata!" Mai shayi ne ya fi kowa ɗaga murya, yana yi yana fifita kurfotinsa. Mai guga ya gyaɗa kai, dutsen gugarsa cike da garwashi. Mai gasa masara ta ce Allah ya saka wa gwamna da alheri. Ba munafunci ba ne, kowa da gaske yake, sai dai tukunya ba ta dahuwa da sanarwa. Kananzir ya fi ƙarfin talaka, gas sai mai albashi, kuma tun da aka janye tallafin mai a 2023 har masu albashin da yawa sun dawo wa murhu. Wanda ya sare kaɗanya ya san man kaɗe ya fi gawayi daraja. Kuɗin makarantar yaro ne ba ya jiran kaka.

Amma fa akwai itatuwan da ba sa mutuwa a garin nan, kuma in kana son ganinsu sai ka yi sallama ka shiga cikin gida. Je ka bayan makewayi, inda ruwan wanka ke malala. Nan za ka tarar da gwanda ta yi dogon wuya, ayaba ta yi gungu, zogale a jikin danga, wani gidan har da lalle da lemon tsami. Ba wanda ya yi musu biki. Matan gida ne, su da ba a gayyata rumfar dashe.

Akwai wata tsohuwa a layinmu, kowa Inna yake ce mata, da jikanta ya kawo mata ɗan mangwaro mai aure daga Lafiya. Na ga yadda ta yi da shi. Ta sa aka haƙa rami har gwiwa, ta cakuɗa ƙasar da busasshen kashin awaki, ta yaga ledar a hankali don kada ƙasar jikin saiwa ta warware. Ta barbaɗa toka kewaye saboda gara. Ta kife masa tsohon kwando da gindinsa ya cinye, ta danne da bulo, ta lulluɓe da yagaggen gidan sauro, sannan ta sa yara suka yanko ƙaya aka zagaye. A gefe ta binne wani tsohon tulu mai tsaga, bakinsa kaɗai ke waje. Kowace safiya ruwan da ta wanke hatsi ko ta ɗauraye kwanuka, in ba sabulu a ciki, cikin tulun nan yake tafiya, yana tsatsafowa ƙasa a hankali har yamma. Wata rana bunsurun maƙwabta ya tura kai cikin ƙayar. Abin da Inna ta gaya wa mai bunsurun ta kan katanga, ba zai rubutu a nan ba.

"Haba Inna, a kan ɗan itace?"

"Ɗan itacen uwarka ne? In ya yi 'ya'ya ai 'ya'yanka ne farkon jifa."

Yau mangwaron ya wuce rufin ɗakinta, kuma maganarta ta tabbata, yaran mai bunsurun ne ke fara kai masa hari.

Bambancin dashen Inna da na babban baƙo ba iri ba ne, ba taki ba ne. Nata yana da mai shi. Iyayenmu ma da haka suka ƙawata garuruwansu tun ba a san kalmar fulawa ba. Ceɗiya ko durumi a ƙofar mai gari, reshe kawai ake sarowa a kafa da damina ya kama, kuma kowa ya san na fada ne, ba mai taɓawa. Aduruku da bini-da-zugu su ne shingen gida, suna raye suna tsare iyaka. Ɗorawa a gona an san matan gidan da ke da kalwarta. Ita kanta darbejiyar da muke gani tamkar tare aka halicce mu, baƙuwa ce. Daga Indiya ta fito, Turawan mulki suka bi da ita ta ƙasar da yanzu ake kira Gana, aka fara dasa ta a lardin Borno a 1928. Abin dariya, masu sarautar Lafiya Barebari ne daga Borno, ga shi bishiyar ma ta can ta biyo. Ta zauna ne don an ga amfaninta, inuwa rani da damina, ganye na zazzaɓi, reshe na asuwaki, ɗacinta kuma ya rage mata masoya cikin dabbobi.

Malamin makarantar da ke zama majalisarmu, mai yawan sauraron rediyo, shi ya ba mu labarin Maraɗi. A can ma an yi shekaru ana rabon dashe yana mutuwa. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin gona da mishan a yankin, shi ne a 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Sai aka koma barin reshe ƙalilan masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran. Suka kira abin sassabin zamani. Ba leda, ba ban ruwa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya gonakin Nijar kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200, gawo a gaba. Amma malam ya ce sirrin ba a wuƙar datsa yake ba. Da can itacen da ke gonarka na hukuma ne, in ka taɓa shi malamin daji ya ci ka tara, don haka manomi gara ya kashe shi tun yana toho. Da aka sakar wa manoma mara suka tabbata itacen nasu ne, su yi makamashi, su ciyar da dabba, su sayar, ba wanda ya sake roƙon su.

Mu da ruwanmu ya ninka na Maraɗi, kututture a nan ko ba ka so sai ya toho. Mu kuwa sai mu tara masa karmami mu cinna wuta don kada ya yi wa doya inuwa.

Zancen mai shi ɗin nan yana da wani gefe da ba a faɗa a rumfar biki. Ɗan haya ba ya dashe, don me zai raini abin da wani zai ci? In ma ya so, mai gidan ba zai yarda ba. Haka wanda aka ba aron gona: shuka doya, shuka rogo, shuka agushi, amma ranar da aka ga ka kafa kashu ko mangwaro, ranar za a kira ka gaban dattawa, don a wurinmu itace shaida ne, wanda ya dasa gobe jikansa zai ce ƙasar tasu ce. Bakin hanya da filin kasuwa da harabar asibiti kuwa na kowa ne, na kowa kuma ba mai ɗaukar masa bokiti. Amma dubi gonar kashu. Wa ya taɓa yin gangami don a tsare ta? Tun kafin hunturu mai ita ya share kewayenta saboda gobara, lokacin 'ya'ya kuma a can yake yini. Mangwaro ma tun yana fure fatake ke zuwa su saye bishiyar sukutum, su dawo da mota su yi arewa da shi. Itacen da ke kawo kuɗi ba ya neman jawabi.

Malam ya so ya ƙara mana da labarin Singafo, inda Lee Kuan Yew ya fara gangamin dashe a 1963 har birnin ya zama abin kwatance, da Kigali inda Asabar ɗin ƙarshen wata kowa ke fitowa aikin gayya. Aka ce masa ai mu ma muna da Asabar ɗin tsaftar muhalli. Muna da ita kam. Ita ce ranar da muke ramuwar barci har a buɗe hanya.

Duk da haka maganar ta kai mu ga taro, a ƙofar gidan wani dattijon unguwa da ba a ƙetare maganarsa. Malam ya kawo shawara: a bar zancen dubu, kowane gida ya ɗauki ɗaya tak, a ƙofarsa, da sunansa, a sa a ƙasa da ruwan farko, kuma wanda tasa ta mutu shi zai sayo wata da kuɗinsa. Aka ce ya yi. Sai aka zo kan wace bishiya. Masu dara suka ce darbejiya, don ba ta kaɗe ganye lokacin da ake buƙatarta. Wani ya ce mangwaro. Mai sabon kwano ya ce shi bai yarda ba, yara za su mayar masa da rufi ganga. Wani ya ce kashu, aka tuna masa ruwansa na ɓata riga. Alhaji mai intalok ya tambaya ko akwai irin da ba ya saiwa. Daga cikin gida aka aiko yarinya ta ce an ce a gaya wa maza in ba za su sa zogale ba kada a nemi kowa da ɗebo ruwa. Mai shayi ya yi alkawarin ruwan wanke kofunansa kyauta, wanda dama a kan hanya yake watsarwa.

Har an kusa shafa fatiha, sai wani saurayi daga baya ya ɗaga hannu.

"Baba, Allah ya ƙara girma, to awaki fa? In an dasa, wa zai ɗaure nasa da rani?"

Kowa ya sunkuyar da kai, don duk unguwar ba wanda ya kai mai masaukinmu yawan awaki, ga ma uku daga ciki suna cin gefen tabarmar da muke zaune a kai. Dattijo ya dubi yaron, ya dubi sama, ya jawo takalmansa.

"Ku tashi, la'asar ta yi. A ɗaga maganar sai wani zaman."